Yadda Za Ku Zaɓi Garin Zama a Kewayen Washington Saboda Makarantar Yara da Cuɗanyar Jama'a

Makarantar gwamnati a Amurka kyauta ce, tun daga ajin share fage da yaro ke shiga yana ɗan shekara 5 har zuwa aji 12. Sai dai ba iyaye ke zaɓar makarantar ba, adireshin gidan da ake kwana shi ke zaɓa. Kowace makaranta an shata mata yankinta a taswira, duk yaron da gidansu ya faɗo cikin yankin, can zai je. Don haka magidancin da aiki ko karatu ya kawo shi Washington da iyalinsa, yake neman matsuguni a garuruwan jihohin Maryland da Virginia da ke kewaye da birnin, ya sani cewa ranar da ya sa hannu a takardar haya, ranar ya zaɓa wa 'ya'yansa malamai da abokan wasa.

Tambaya biyu iyaye suka fi yi. Ina makaranta mai kyau? Ina ne kuma yaro ba zai zama shi kaɗai ne baƙar fata a aji ba, ko yarinya ita kaɗai ce mai hijabi? Ana samun duka biyun a wannan yanki, amma jin sunan gari a bakin mutane ba ya isa a gano su.

Ku fara da hanyar aiki

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma shi ke rage garuruwa ashirin su koma huɗu ko biyar. Ku sa adireshin wurin aiki a Google Maps, ku saita lokacin tashi ƙarfe 7:30 na safiyar Talata, ba ranar Lahadi ba. Babbar hanyar I-270 da ta bi ta Rockville, Gaithersburg da Germantown, da hanyar zobe ta I-495, kan cushe safe da yamma, tafiyar minti 25 ta koma fiye da awa ɗaya. Jan layin jirgin Metro ya tsaya ne a Shady Grove ta yamma da Glenmont ta gabas. Germantown sai jirgin ƙasa na MARC ko bas. Columbia ba ta da Metro ko kaɗan, wanda zai zauna can ya shirya wa mota, sau da yawa ma biyu. A ɓangaren Virginia, layin azurfa ya kai har Ashburn tun watan Nuwamba na 2022. Duk garin da zai cinye muku fiye da awa ɗaya zuwa da awa ɗaya dawowa, ku cire shi komai kyan makarantarsa, domin uban da ba ya isowa gida sai bayan isha'i ba zai ga aikin gidan yaro ba, ba zai je taron iyaye ba.

Sunan gari a kan ambulan ba shi ne makaranta ba

A Maryland hukumomin makarantu 24 ne kacal: kowace gunduma ɗaya, sai birnin Baltimore. Gundumar Montgomery tana da makarantu sama da 200 da ɗalibai kusan 160,000 ƙarƙashin hukuma guda. Gundumar Howard, inda Columbia da Ellicott City suke, tata daban. Prince George's, inda Bowie, Lanham da Greenbelt suke, ita ma daban. A Virginia, gundumar Fairfax tana da ɗalibai kusan 180,000. Wannan ya bambanta da jiha irin New Jersey, inda kusan kowane gari ke da hukumarsa, har sun kai wajen 600. A can sunan gari yana faɗa maka abu mai yawa. A kewayen Washington kuwa kaɗan yake faɗa.

Ga inda mutane ke faɗawa. Silver Spring ba ta da magajin gari ko iyaka ta hukuma, suna ne da gidan waya ke amfani da shi ga wani makeken yanki, kuma gidaje biyu masu adireshin Silver Spring na iya kai yara manyan sakandare daban-daban masu nisan kilomita da yawa a tsakani. Gida mai adireshin Alexandria na iya kasancewa a birnin Alexandria mai makarantunsa, ko a gundumar Fairfax. Haka Falls Church: ƙaramin birnin mai mutane kusan 14,000 yana da hukumar makarantunsa, amma galibin gidajen da ke amsa wannan suna a Fairfax suke. Laurel kuwa adireshinta ya ratsa gundumomi fiye da biyu, titi ɗaya na Prince George's, wani na Howard, wani na Anne Arundel.

Maganin abu ne mai sauƙi. Kowace hukumar makarantu tana da shafi a intanet inda ake rubuta lambar gida da sunan titi, ya fito da makarantu uku: firamare, ta tsakiya, da babbar sakandare. Ku yi wannan ga kowane gida da kuka sa wa ido, kafin ku je ganinsa. Kada ku dogara da sunayen makarantun da ke ƙasan tallar gida a Zillow ko Redfin, domin wani lokaci makarantar da ta fi kusa suke nunawa, ko tsohuwar iyaka. Idan gidan yana bakin layin taswira, ku buga waya ofishin makarantar, ku karanta wa sakatariya adireshin, ta tabbatar muku.

Cuɗanya hawa uku ce: gari, makaranta, aji

A ƙidayar 2020, hukumar ƙidaya ta Amurka ta auna yiwuwar a ɗauko mutum biyu ba zaɓe, a tarar ba jinsi ɗaya ba ne ta fuskar launin fata ko asali. A ƙasar gaba ɗaya kashi 61 cikin 100 ne, a Maryland kashi 67, wanda ya sa ta cikin jihohin da ke kan gaba. Gundumar Montgomery mai mutane miliyan 1 da 'yan kai, kusan kashi 41 fararen fata ne, kashi 20 'yan asalin Latin Amurka, kashi 18 baƙar fata, kashi 15 'yan Asiya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku ba a Amurka aka haife shi ba. Germantown, Gaithersburg da Silver Spring sun yi suna a kan haka, babu jinsin da ya fi rabi a cikinsu. Columbia kuwa da gangan aka gina ta haka: James Rouse ya buɗe ta a 1967 da niyyar baƙi da farare, mai kuɗi da mai ƙaramin ƙarfi, su zauna unguwa ɗaya, a lokacin da ake hana baƙar fata sayen gida a unguwanni da yawa.

To amma adadin gunduma yana ɓoye rabuwar da ke ciki. A Montgomery, yamma wajen Bethesda da Potomac ta fi yawan farare da 'yan Asiya masu hannu da shuni. Gabas, wajen White Oak da Burtonsville, ta fi yawan baƙar fata da 'yan Afirka. Wheaton ta fi yawan masu jin Sifaniyanci. Gunduma ɗaya, hukuma ɗaya, amma ajin yaro a nan da ajin yaro a can ba su yi kama ba.

Don ganin gari, ku shiga data.census.gov, ku rubuta sunan garin tare da lambar jadawali B05006. Shi ne ke nuna ƙasar haihuwar baƙi, kuma Najeriya, Gana, Kamaru, Sudan da Habasha kowace tana da layinta. Nijar ba ta da nata, an haɗa ta cikin sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ku zaɓi alƙaluman da aka tara na shekara 5, sun fi na shekara 1 inganci ga ƙananan garuruwa. Ku tuna kuma "Najeriya" a jadawali ba ta nufin Bahaushe. Inda masu jin Hausa suke taruwa, a masallaci, coci, shagon kayan abincin Afirka da wurin suna ko ɗaurin aure ake jin labarinsa.

Don ganin makaranta, shafin rahoton makarantu na jiha yana nuna kason kowane jinsi, kason masu koyon Turanci, da kason yaran da ke cin abincin rana kyauta ko a rangwame. Wannan na ƙarshen shi ne ma'aunin talauci da ake amfani da shi: kyauta ga iyalin da abin da suke samu bai wuce kashi 130 na layin talauci na tarayya ba, rangwame har zuwa kashi 185. Makarantar da babu jinsin da ya wuce rabin ɗalibai, kuma masu cin abinci kyauta ba su rinjayi kowa ba, ba su kuma zama 'yan tsiraru ba, ita ce wadda za a kira cuɗaɗɗiya da gaske, ta fuskar launi da ta arziki. Makarantar da kashi 90 nata jinsi ɗaya ne ba cuɗaɗɗiya ba ce, ko da jinsin naku ne. Wasu iyaye hakan suke so, su ga yaro ya tashi inda shugaban makaranta da likita da ɗan majalisa duk baƙar fata ne, kuma Prince George's, mai baƙar fata wajen kashi 60, tana ba da wannan, ga 'yan Najeriya da yawa a Bowie da Lanham. Zaɓi ne mai hujja. Abin da ake so shi ne ku san wanne kuke nema kafin ku fita.

Hawa na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi shafar yaro. Babbar sakandare na iya zama cike da kowane launi a filin wasa da ɗakin cin abinci, amma a leƙa ajin lissafi mai zurfi ko darussan AP da IB, waɗanda ake ƙirga su a matakin jami'a, a tarar baƙar fata biyu ne cikin talatin. Ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya yana tattara alƙaluman kowace makaranta: su wa ke cikin darussan AP, su wa ke cikin shirin masu hazaƙa, su wa ake dakatarwa. Ku kwatanta lamba biyu. Idan baƙar fata kashi 30 ne na ɗalibai amma kashi 8 na masu AP, ko kashi 60 na waɗanda aka dakatar, to akwai tambayar da za ku yi wa shugaban makaranta ido da ido. Ba lallai wannan ya sa ku gudu ba, gibin ya zama ruwan dare a ƙasar. Amsarsa ce za ta nuna muku ko ya san da matsalar kuma yana yin wani abu a kai.

Lambar 1 zuwa 10 da abin da take ɓoyewa

Lambar da kuke gani kusa da sunan makaranta a shafukan gidaje daga shafin auna makarantu na GreatSchools take. Maryland ma tana ba makarantunta taurari 1 zuwa 5. Duka biyun suna jingina sosai da sakamakon jarrabawar jiha, shi kuma sakamakon jarrabawa yana bin arzikin iyaye da iliminsu sau da ƙafa. Makarantar da yaranta 'ya'yan likitoci da lauyoyi ne za ta ci 9 ko da malamanta ba su taɓuka abin kirki ba, domin yaran sun shigo suna karatu, ga malamin gida da yamma. Makarantar da ke karɓar yaran da suka sauka daga jirgi jiya ba su jin Turanci na iya cin 5 alhali malamanta suna aikin da ya fi na waccan. Wanda ya ce sai 8 zuwa sama, ya kori kansa daga mafi yawan unguwannin da suka cuɗanya, ya kuma ƙara wa kansa kuɗin gida mai yawa.

Ku buɗe rahoton jiha, ku nemi abu huɗu. Na farko shi ne ci gaba, wato nawa yaro ya ƙaru daga bara zuwa bana idan aka gwada shi da takwarorinsa da suka fara daga mataki ɗaya. Wannan ya fi kason waɗanda suka ci jarrabawa nuna aikin malamai. Na biyu, sakamakon rukunin da ɗanku zai faɗa ciki: baƙar fata, masu koyon Turanci, ko masu buƙata ta musamman. Dokar ilimi ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa jihohi su fitar da sakamako rukuni-rukuni. Ku ɗora na makarantu uku ko huɗu gefe da gefe. Ba abin mamaki ba ne a ga makaranta mai lamba 6 ta fi mai lamba 9 fitar da yara baƙar fata a lissafi. Idan kun ga alamar (*) ko gurbi babu lamba, yaran rukunin ne ba su da yawa, an ɓoye don kada a gane su, wannan ma labari ne. Na uku, kason masu yawan fashi, wato yaran da suka rasa kashi 10 na kwanakin karatu, kwana 18 cikin 180. Inda wannan ya yi yawa, malami kullum yana komawa baya ne don masu fashi su kamo. Na huɗu, ga babbar sakandare, kason waɗanda suka gama cikin shekara 4.

Makarantar tsakiya, aji 6 zuwa 8 a Maryland, ita ce iyaye suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a nan hanya take rabuwa. Yaron da ya yi Aljebra ta ɗaya a aji 8 zai yi Jometiri a 9, Aljebra ta biyu a 10, share fagen Kalkulas a 11, ya kai Kalkulas a aji 12, abin da sassan injiniya na manyan jami'o'i ke son gani. Wanda bai samu ba sai aji 9, zai yi wuya ya kamo sai da karatun hutu. Ku tambayi yadda ake zaɓar masu shiga, da ko yaron da ya zo daga waje a tsakiyar shekara ana gwada shi a sa shi inda ya dace.

Shirye-shirye na musamman suna nan: na kimiyya da lissafi a Montgomery Blair, na IB a Richard Montgomery, na kimiyya da fasaha a Eleanor Roosevelt da ke Greenbelt, da Thomas Jefferson a Fairfax. Iyalan da suka fito daga Nijar, Kamaru ko Chadi za su so sanin cewa firamaren Sligo Creek da Maryvale a Montgomery suna da shirin koyarwa da Faransanci. Amma duk waɗannan da gasa ko ƙuri'a ake shiga. Kada ku kama gida da fatan ƙuri'a. Ku zaɓi inda za ku gamsu da makarantar unguwa idan ƙuri'ar ba ta faɗo kanku ba.

Abin da dillali ba zai faɗa ba

Idan kuka tambayi dillalin gidaje, "Akwai Musulmi da yawa a unguwar nan?" ko "Wane irin mutane ne a nan?", zai yi murmushi ya ce ba zai iya amsawa ba, ya tura ku intanet. Ba wulaƙanci ba ne. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta hana nuna bambanci saboda launi, addini ko ƙasar asali, kuma karkata mai saye zuwa wata unguwa saboda waɗannan laifi ne. Da yawansu ko maganar kyan makaranta ba sa yi. Ku dokar take karewa. Idan kuka lura duk gidajen da ake nuna muku a ɓangare ɗaya suke, alhali kuɗinku ya kai wasu wuraren, ku rubuta adireshin da kuke so ku ce a kai ku. Tun 1988 kuma dokar ta hana a ƙi ba mutum haya don yana da yara. Wanda aka yi wa haka yana da shekara 1 ya kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya. Abin da mai gida ke da damar yi shi ne iyakance yawan mutane, galibi biyu a kowane ɗakin kwana. Mata da miji da yara huɗu ke nan sai ɗaki uku. Ɓoye yaro a takardar haya yana jawo kora, yana kuma dagula rajistar makaranta.

Ku je da ƙafarku

Gani ya kori ji. Ku tsaya a tsallaken titin firamaren lokacin tashi, wajen ƙarfe 3:25 ko 3:50 a Montgomery. Cikin minti goma sha biyar za ku ga abin da jadawali ba ya nunawa: jerin motocin bas masu ruwan ɗorawa, iyayen da ke jira a bakin ƙofa, ko masu gyale da masu wando suna gaisawa ko kowa ya ware da nasa, yaran da ke fitowa rukuni-rukuni ko a cakuɗe, malamar da ke riƙe da hannun ɗan aji ɗaya tana kiran sunansa daidai. Sannan ku nemi ganawa da shugaban makaranta ko mai ba ɗalibai shawara. Wasu makarantun ba sa zagayawa da baƙo sai yana da adireshi a yankin, amma kusan duka suna amsa waya da imel.

Tambayoyin da suka cancanci lokacinku: yara nawa ne a aji? Malamai nawa suka bar makarantar bara, kuma shekara nawa shugaban ya yi a kujerar? Makarantar da ke sauya shugaba duk shekara biyu ba ta zauna ba. Masu koyon Turanci fitar da su ake yi daga aji, ko malamin yana shigowa? Akwai inda yaro zai yi sallar azahar, kuma me ake yi da ɗan sakandaren da ke son zuwa Juma'a? Ana nuna abincin da ke da naman alade a jadawalin abinci? A watan azumi ina masu azumi ke zama lokacin cin abinci? Yarinya za ta iya sa dogon wando da hijabi a darasin motsa jiki? Shugaban da ya saba da yaranmu zai amsa nan take, har ya faɗi lambar ɗakin da ake salla. Wanda bai saba ba zai ce sai ya bincika.

Ku duba kalandar hukumar ta shekarar. Montgomery ta fara daidaita ranar da ɗalibai ba sa zuwa da Babbar Salla a 2016, amma kalanda kan sauya duk shekara. Game da darussan da suka shafi iyali da jinsi, a watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan wasu iyaye na wannan gunduma, Musulmi da Kirista, da suka nemi a sanar da su kuma a bar su su cire 'ya'yansu daga karatun wasu littattafai saboda addini. Ku nemi takardar da ake cikewa tun farkon zango.

Ku auna nisan gidan da wurin ibada, domin Islamiyyar Asabar da Lahadi da tarawih za su sa ku bin hanyar sau da yawa. Akwai Muslim Community Center a Silver Spring, Islamic Center of Maryland a Gaithersburg, Dar al-Taqwa a Ellicott City, Diyanet a Lanham, ADAMS a Sterling da Dar Al-Hijrah a yankin Falls Church. Bayan sallar Juma'a, ku nemi iyayen da yaransu ke makarantar da kuke dubawa yanzu, ba waɗanda nasu suka gama shekara goma da suka wuce ba. Haka iyalan Kirista za su yi a cocin da 'yan Afirka ke taruwa.

Sai maganar lokaci da bas. A Montgomery ba a ɗaukar ɗan firamare idan gidansu bai kai mil 1 ba, wato kilomita 1.6, ɗan tsakiya mil 1.5, ɗan babbar sakandare mil 2, sai in hanyar tana da haɗari. Ku taka hanyar da ƙafa, ku tuna da sanyin Janairu. 'Yan babbar sakandare suna shiga 7:45, 'yan firamare 9:00 ko 9:25. Idan ku biyun kuna aikin safe, wa zai zauna da ƙaramin? Dokar Maryland ta hana barin yaron da bai kai shekara 8 ba shi kaɗai a gida ko a mota, sai da mai kula da ya kai 13. Abin da muka saba na barin 'yar shekara 10 da ƙannenta na iya kawo jami'an kare yara ƙofar gida. Kulawar kafin makaranta da bayan tashi kuɗi ake biya, gurabe kuma suna cika da wuri.

Iyaka tana motsi, don haka a fara da haya

Ba a sayen makaranta tare da gida har abada. A Nuwamban 2019 hukumar Howard ta sake shata iyakoki, ta sauya wa yara sama da 5,000 makaranta. Montgomery ma ta shiga nazarin iyakoki saboda ginin sakandaren Woodward da Crown. Ku duba shafin hukumar ko makarantarku tana cikin wani nazari, ku duba kuma yawan ɗalibanta idan aka gwada da abin da ginin zai ɗauka. Ajujuwan wucin gadi jere a bayan makaranta alama ce ta cunkoso, cunkoso kuma shi ke kawo sabuwar iyaka. Gidan da ke tsakiyar yanki, inda yara ke tafiya da ƙafa, ya fi wanda ke gefe tsira daga sauyi.

Hayar shekara 1 kafin saye tana ba ku damar gyara kuskure da kuɗi kaɗan. Masu gidaje galibi suna son abin da kuke samu a wata ya ninka hayar sau uku, suna kuma duba tarihin biyan bashi, wanda sabon zuwa ba shi da shi, don haka ku tanadi takardar ɗaukar aiki da bayanan banki. Kuɗin ajiya a Maryland ba ya wuce hayar wata 1 a yawancin yarjejeniyoyin da aka ƙulla tun Oktoban 2024, a Virginia har wata 2. Idan ɗakin ƙarƙashin ƙasa za ku kama a gidan wani, ku tabbatar akwai rubutacciyar yarjejeniya da sunanku, domin makaranta za ta nema.

Idan lokacin saye ya yi, ku haɗa lissafin duka. Harajin gida a waɗannan gundumomi yana kusa da kashi 1 cikin 100 na ƙimar gidan ko sama kaɗan: gidan dala 500,000 a kashi 1.1 zai biya 5,500 a shekara, kusan 460 a wata, a kan bashin gidan. Montgomery, Howard da Prince George's suna karɓar harajin albashi na gunduma kashi 3.2 bayan na jiha. Fairfax ba ta da wannan, amma tana karɓar harajin mota duk shekara. A Columbia akwai kuɗin shekara na ƙungiyar garin, a gidajen jere da yawa kuma akwai kuɗin ƙungiyar masu gidaje kowane wata. Montgomery tana da shiri tun shekarun 1970 da ke tilasta wa masu gina manyan rukunin gidaje su ware wajen kashi 12.5 zuwa 15 a farashi mai sauƙi, hanya ce da mai matsakaicin ƙarfi ke shiga unguwar da da ba zai iya ba, sai dai akwai sharuɗɗan albashi da jira.

Kada ku ari adireshin ɗan'uwa ko aboki don yaro ya shiga wata makaranta. Hukumomi suna bincike, har gida ake zuwa, wanda aka kama a fitar da yaron tsakiyar zango, a kuma iya neman ya biya kuɗin karatu.

Rajista

Zangon farko yana farawa a ƙarshen Agusta, don haka ƙaura a Yuni ko Yuli ta fi. Ɗan ajin share fage sai ya cika shekara 5 zuwa 1 ga Satumba a Maryland, 30 ga Satumba a Virginia. Ana neman takardar haihuwa ko fasfo, yarjejeniyar haya da takardar kuɗin wuta ko ruwa mai sunanku, da katin rigakafi: shan inna, ƙyanda, tarin shiƙa, ciwon hanta nau'in B da ƙaranbau, sannan ƙarin allurai ga mai shiga aji 7, har da ta sanƙarau. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya hana a ƙi karɓar yaro saboda rashin takardun zama a ƙasar. Iyayen da Turanci ke yi wa nauyi suna da haƙƙin tafinta kyauta a taron makaranta, ku nema tun da wuri don a samo mai jin Hausa ko Faransanci.

Za a ba ku takarda mai tambayar harshen da ake yi a gida. Idan kuka rubuta Hausa, za a gwada Turancin yaron a ji, magana, karatu da rubutu. Wanda ya yi makarantar Turanci a Kano ko Kumasi yakan wuce gwajin, wanda bai wuce ba a ba shi taimako, kuma kuna da damar ganin sakamakon ku tambayi matakin da aka sa shi. Ga manyan yara, ku taho da sakamakon kowane zango mai hatimin makaranta tun daga JSS 3, wanda ya yi daidai da aji 9, domin daga nan ake fara ƙirga darussan da ake buƙata kafin a ba da shaidar gama sakandare. Na Faransanci ko Larabci a fassara su. A Montgomery, yaran da suka zo daga wata ƙasa ta ofishin karɓar ɗaliban ƙasashen waje da ke Rockville suke fara bi kafin a tura su makarantar unguwa, layinsa kuma yakan yi tsawo a watan Agusta, don haka ku nemi rana da zarar takardar haya ta shigo hannu.